Ƙaura da Zaɓen Mazauni: Yadda Katsinawa Suka Zauna a Maraɗi

Gabatarwa

 Da aka nemi kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da ya sawwaƙa, sai na ga ya dace in taɓo wani yanki na tarihin ƙasarmu ta Katsina, wato labarin yadda sarakunan gidan Korau suka rasa birninsu, suka yi ta yawon neman wurin zama har shekara goma sha biyu, kafin su tsai da shawara a kan Maraɗi. Ba don na fi kowa sanin tarihin ba ne na ɗauko shi. Dalili shi ne, ni mutumin ƙasar Batsari ne, kuma tambayar da ta dami mutanen wancan zamani, wato "in mun tashi, ina za mu sauka?", na ji an yi ta a tsakar gidanmu da kunnena.

A watan Fabrairu na shekarar 2020, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar cikin Ƙaramar Hukumar Batsari, suka kashe mutum wajen 30. Ƙauyenmu ba ya cikinsu, amma ba shi da nisa da su ƙwarai. A lokacin ina makarantar sakandare. Bayan 'yan kwanaki sai manyan gidanmu suka taru da dare, aka kashe fitila don kada a hango haske, aka shiga shawara. Baba ya ce a koma cikin garin Batsari, don a riƙa leƙo gona. Ƙanensa ya ce Katsina ta fi, ko ba komai akwai aikin ƙarfi. Kawu kuwa, wanda ya saba kai rogo da hatsi kasuwar Jibiya, ya ce shi Maraɗi zai nufa. Sai Baba ya ce masa, "Haba Malam, ka bar ƙasarka ka tafi ƙasar wasu?" Kakarmu tana gefe tana jan carbi, sai ta ce, "Wace ƙasar wasu? Ku yaran yanzu ba ku san komi ba. Maraɗi ai Katsina ce ta tahi ta zauna can."

Wannan magana ta Kaka ita ta tsaya mini a rai. Da Allah ya kawo ni jami'a na fara karatun Hausa, sai na shiga bin diddiginta, musamman a cikin littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981, da kuma abin da na tsinta a bakin dattawa. Ga abin da na samo.

Faɗuwar Birnin Katsina

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, Birnin Katsina yana cikin manyan biranen ƙasar Hausa ta fuskar ciniki da ilmi. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat da Tarabulus a nan suke sauke kaya. Hasumiyar Gobarau da kaburburan waliyyai irin su Ɗanmarina da Ɗanmasani shaida ne a kan daɗewar ilmin addini a birnin. Ƙasar Katsina kuwa a wancan zamani ta miƙa arewa har ta haɗa da Maraɗi da Tasawa, waɗanda yau suke cikin Jamhuriyar Nijar. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin abin da zai biyo baya.

Da jihadi ya iso Katsina, malamai uku ne suka ja ragamarsa: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Muhammadu na Alhaji. Bayan gwabzawa ta 'yan shekaru, birnin ya faɗa hannunsu a wajen 1807. Sarkin Katsina na ƙarshe daga tsohon gida, Magajin Halidu, ya fita da jama'arsa ya nufi Ɗankama, wadda take arewa maso gabas da birni. Aka bi su can aka sake cin su da yaƙi. Ruwayar da ta shahara ta ce Magajin Halidu ya faɗa rijiya a nan Ɗankama, bai yarda a kama shi ba. A nan ne sauran fadawa da 'ya'yan sarki suka naɗa Ɗankasawa, suka ce shi ne Sarkin Katsina.

To, ga sarki, ga fadawa, ga barori da mata da yara, amma babu gari. Daga nan zancen zaɓen mazauni ya taso.

Zango na farko: Damagaram

Wurin da suka fara dosa shi ne Damagaram. Ba abin mamaki ba ne. Damagaram tana ƙarƙashin inuwar Barno, Barno kuwa ba ta bi jihadi ba, hasali ma a shekarun nan ne Shehu Muhammadu el-Kanemi ya tashi ya tare masu jihadi daga gabas. Wanda ya gudo daga wuta, inda ya san wutar ba ta kai ba zai fara nufa. Saboda haka abu na farko da Ɗankasawa ya nema shi ne tsira da rai, ya kuwa samu.

Amma tsira daban, zama daban. An ce kimanin shekara biyu kawai suka yi a can. Damagaram tana da sarkinta, tana da fadawanta, tana da talakawan da suke biya mata haraji. Sarkin da ya zo baƙunci da ɗaruruwan bakuna, ba shi da gona, ba shi da kasuwa, ba shi da talakawa, nauyi ne a kan mai masauki. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, in ya daɗe kuwa sai a fara duban sa da wutsiyar ido. Bugu da ƙari, Damagaram ta yi nisa da Katsina, mutanen nan kuwa ba su fid da rai da komawa gida ba.

Sai suka tashi suka koma wani wuri da ake kira Gafai, a gefen ƙasar Damagaram, suka yi shekaru da dama. A Gafai ba su takura wa kowa ba, amma wurin bai da abin da zai riƙe sarauta. Zama ne na jiran tsammani. In muka duba da kyau, Damagaram ta ba su aminci ba ta ba su 'yanci ba, Gafai ta ba su 'yanci ba ta ba su ƙarfi ba.

Kiran mutanen Maraɗi

A wannan tsakani, Maraɗi tana hannun masu jihadi, an kuma ɗora mata wani wakili mai suna Mani. Mazauna kwarin Gulbin Maraɗi yawancinsu manoma ne da maharba masu bin al'adun gargajiya, waɗanda ake kira Azna ko Anna. Ba su ji daɗin sabon mulkin ba. Ruwayoyi sun ce shugabanninsu suka aika wa Ɗankasawa a asirce cewa ya zo ya zama sarkinsu. Da farko bai saki jiki ba, domin yana tsoron kada ya zama tarko ne. Sai da suka tayar, suka kashe Mani, suka kai masa shaida, sa'an nan ya yarda ya taso. Wannan ya faru a wajen shekarar 1819.

Me ya sa Maraɗi ta karɓe su, alhali Damagaram da Gafai ba su riƙe su ba? A nawa ɗan nazari, dalilai biyar ne.

Na farko, kiran su aka yi. Wannan ya fi kome. A Damagaram su suka roƙi masauki, a Maraɗi kuwa masu ƙasa ne suke bukatar su. Azna suna da ƙasa da baka da kibiya, amma ba su da dawaki da tsarin sarautar da zai haɗa kansu. Ɗankasawa yana da suna da fadawa da mayaƙan doki, amma ba shi da ƙasa. Kowa ya samu abin da ya rasa a wurin ɗan'uwansa.

Na biyu, ruwa da abinci. Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya ratsa Maraɗi, sa'an nan ya karkata yamma ya sake shigowa Nijeriya ta ƙasar Gobir. Kwarinsa fadama ce mai albarka, rijiya ba ta da zurfi, ga ciyawar dawaki.

Na uku, tsaro. A wancan zamani kwarin gulbin kurmi ne mai duhu. Rundunar dawaki ba ta iya sukuwa a cikinsa, maharbin da ya san hanya kuwa yana iya tare mutum goma.

Na huɗu, kusanci da gida. Tsakanin Maraɗi da Birnin Katsina tafiyar kwana biyu ce zuwa uku a ƙasa. Wanda yake da niyyar ƙwato gidan ubansa ba zai so ya yi nisa da shi ba.

Na biyar, Maraɗi tsohuwar ƙasar Katsina ce. Harshe ɗaya, al'ada ɗaya, sunayen sarautu ɗaya. Shi ya sa da suka zauna ba su ƙirƙiro sabon abu ba. Suka naɗa Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, kamar yadda yake a tsohon birni, suka riƙe sarautar Iya a hannun mace. Sarkin kuma bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba, Sarkin Katsina ya ci gaba da amsawa. Har yau sarautar can da sunan Katsina ake kiran ta. Ashe maganar Kaka tana kan hanya.

Ba su kaɗai ba ne

Domin kada a ɗauka Katsinawa ne kaɗai suka shiga wannan hali, bari mu waiwayi maƙwabta. Sarkin Kano Alwali ya fita daga birninsa, amma bai samu wurin da zai kafu ba, aka cim masa a Burumburum aka kashe shi a wajen 1807, gidansa bai sake kafa wata masarauta ba. Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa ƙasar Zuba, cikin Gwarawa da Koro waɗanda dama suna bin Zazzau, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a wajen 1828, wanda yau ake kira Suleja. Sarakunan Daura suka rarrabu, wasu suka zauna a Zango, wasu a Ɓaure, har zuwa 1906 lokacin da Turawan Ingila suka mai da Malam Musa kan gadon Daura. Kabawa suka kafu a Argungu, bakin gulbi da fadama. Gobirawa kuwa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sun daɗe suna watangaririya kafin su kafa Tsibiri, dab da Maraɗi.

Idan aka jera waɗannan, za a ga abu guda. Waɗanda suka ɗore su ne waɗanda suka sauka a gefen tsohuwar ƙasarsu, cikin mutanen da suka san su, a wurin da yake da ruwa da mafaka, ko dutse ko kurmi ko fadama. Babu wanda ya zaɓi gari don kyansa ko girmansa.

Abin da ya shafi ƙasarmu ta Ruma

Yanzu bari in zo gida. Batsari ita ce mazaunin Sarkin Ruma, Safana kuwa ta Yariman Katsina. Duka biyun suna bakin Dajin Rugu, a yammacin Katsina, tsakanin birni da ƙasar Zamfara. Zaman Katsinawa a Maraɗi ya mai da wannan yanki namu fagen fama.

Bayan Ɗankasawa, Rauda ya hau. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da haɗin gwiwar Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, ya ci su, Rauda da Sarkin Gobir Ali duk suka faɗi a wannan yaƙi. Ɗan Mari ya gaji Rauda. Shi ne ya ga cewa tun da ba a iya cin birni daga waje, sai a tayar da ƙasa daga ciki. A wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan yankin Ruma da dama suka yi wa Sarkin Katsina Siddiku, ɗan Ummarun Dallaje, tawaye, Ɗan Mari ya shigo ya mara musu baya har ya kai Matazu. Siddiku ya murƙushe tawayen da hannu mai nauyi. Garuruwa suka watse, wasu mutane aka kashe, wasu aka kama, wasu suka bi Maraɗawa suka yi arewa. Gonaki suka koma daji.

A gidanmu ana cewa kakan kakanmu yana cikin waɗanda suka yi arewa a wannan tashin, ƙanensa kuma ya ƙi tafiya, ya ɓuya a cikin duwatsu da iyalinsa har ƙura ta lafa. Mu jikokin wanda ya tsaya ne. Dangin da Kawu yake sauka wurinsu a Maraɗi jikokin wanda ya tafi ne. Ban da takarda a kan wannan, maganar Kaka ce, amma ta yi daidai da abin da littattafai suka nuna game da zamanin.

Shekara tara bayan haka, a 1853, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta wannan yanki a hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Ya bi ta Kurfi da Zakka, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana, ya kuma ba da labarin irin fargabar da ayarinsu ya yi kafin ya ratsa dajin da yake gaba, saboda jin motsin rundunar Gobirawa. Game da Birnin Katsina kuwa, ya ƙiyasta cewa mutanen da suka rage a cikin wannan ƙatuwar ganuwa ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, manyan fatake sun kwashe sun koma Kano. Su ma fataken zaɓen mazauni suka yi: suka duba inda hanya take da aminci, kasuwa take ci, suka nufa.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wani daɗi ba. Maraɗawan da suka tsira daga kora, su ne kuma suka zama masu korar wasu. A zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga wajen 1854 zuwa 1875, hare-haren Maraɗi sun kai har cikin ƙasar Kano da Zazzau. Hanyarsu kuwa sau da yawa ta dajin nan namu take bi. Talakan ƙasar Ruma bai san na zaɓa ba: in rundunar birni ta zo, a ce yana tare da Maraɗi, in ta Maraɗi ta zo, a kwashe masa hatsi da 'ya'ya. Duk wanda ya shiga Dajin Rugu da can, lokacin da ake iya shiga, zai ba ka labarin kufai, da tsofaffin rijiyoyi, da kukoki a jere inda gari ya taɓa zama. Daji ne da ya tsiro a kan gidajen mutane.

Yadda Maraɗi ta zama "ƙasar waje"

Duk wannan abin da ya gabata, babu wanda ya ce ya bar ƙasarsa ya tafi wata ƙasa. Turawa ne suka kawo wannan. A 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a kan takarda, suka ja layi a wuraren da ba su taɓa takawa ba. Da Faransawa suka ga layin bai bar musu hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ba, sai suka nemi gyara, aka sake zama a 1904 da 1906. Daga nan aka tura jami'an ɓangarorin biyu, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Maraɗi da Tsibiri da Tasawa suka faɗa hannun Faransa. Katsina, wadda Turawan Ingila suka shiga a 1903, ta zauna a nasu ɓangaren. Ɗankama da Jibiya suka zama garuruwan bakin iyaka.

Zuwan Turawa ya kashe yaƙi tsakanin Katsina da Maraɗi, mutane suka fara komawa kufan iyayensu, ƙauyuka da yawa na yankinmu a wannan zamani suka sake rayuwa. Amma ƙaura ba ta tsaya ba, sai dai ta juya. Mulkin Faransa ya yi tsanani wajen haraji da aikin tilas da ɗibar soja, saboda haka jama'a da dama suka riƙa tsallakowa kudu. Haka kuma a shekarun fari da yunwa, irin su 1913 zuwa 1914, da 1973 zuwa 1974, da 1984, mutanen arewa sun gangaro ƙasar Katsina da Kano neman abinci, aka kuwa karɓe su.

Ita kanta Maraɗi sai da ta sake zaɓen mazauni. A 1945 gulbin da ya ba ta rai ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari, dole aka tashi daga kwari aka hau tudu, inda birnin yake a yau. Kurmin da ya kāre su daga dawaki ba shi da sauran amfani a zamanin mota. Abin da ya ɗaga sabuwar Maraɗi shi ne cinikin gyaɗa, sa'an nan fatauci da Nijeriya, har Alhazan Maraɗi suka yi suna. Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ran 1 ga Oktoba na wannan shekara, layin Turawa ya zama iyakar ƙasashe biyu. Daga nan ɗan Katsina ya koyi Ingilishi, ɗan Maraɗi ya koyi Faransanci, wannan yana ƙirga naira, wancan yana ƙirga sefa, amma in sun haɗu a kasuwar Jibiya da Katsinanci suke ciniki.

Komawa tsakar gidanmu

Daga 2019 dubun-dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda ta'asar 'yan bindiga. Yawancinsu ba sansani suka fara nufa ba, gidajen mutanen ƙauyukan bakin iyaka suka sauka, domin akwai dangantaka ta jini da ta aure. Dajin da ya ɓoye mayaƙan Ɗan Baskore shi ne ya ɓoye waɗanda suka tashe mu.

A daren nan da na faɗa a farko, ba a samu baki ɗaya ba, kowa ya bi ra'ayinsa. Yanzu da na karanta tarihi, sai na ga kowannensu ɗaya daga cikin dalilan Ɗankasawa ya riƙa. Baba ya riƙi kusanci da gida. Muka koma cikin Batsari, ɗaki biyu na haya, yana fita gona in an ji shiru, in an ji motsi ya zauna. Shekara biyu a jere bai kwashe abin kirki ba, amma gonar tana nan a hannunsa, ba a ce ya bar ta ba. Baffa ya riƙi abinci. Ya tafi Katsina yana aikin gini, ya samu abin sawa a baki, amma bai san kowa ba, kuɗin haya kuma ya hana shi tara ko sisi. Zamansa ya yi kama da zaman Damagaram. Kawu kuwa ya riƙi mai kira. Dangin nan namu na Maraɗi suka ba shi ɗaki a gidansu, wani tsohon abokin cinikinsa ya ba shi gefen rumfa.

Kada a ce na ce Kawu ne ya fi su dabara. Shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa. 'Ya'yansa da suka fara boko da Ingilishi sai da aka mai da su baya, domin makarantar can ba da Ingilishi ake karatu ba. Jarinsa na naira ya narke da aka juya shi sefa. Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan tsakani Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Kawu bai samu jana'izar mahaifiyar ƙanwarsa da ta riƙe shi tamkar ɗanta ba, sai bayan kwana uku ya iso ta hanyar daji a bayan babur. Da ya zauna karɓar gaisuwa, Baba ya ce masa, "Malam, ka ga abin da nake faɗa maka." Kawu ya ce, "Na gani, Yaya. Amma yarana suna kwana ba su firgita." Babu wanda ya ƙara cewa kome.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan ɗan bincike shi ne, mai ƙaura ba gari yake zaɓa ba, asarar da zai iya ɗauka yake zaɓa. Ɗankasawa ya samu Maraɗi, amma shi da duk waɗanda suka gaje shi babu wanda ya sake kwana a Birnin Katsina yana sarki. Sun zauna da niyyar gobe za su koma, har goben ta zama shekara 200, masaukin ya zama gida, ya kuma zama birni na ƙasa dabam. Duk da haka tambayoyin da suka yi wa kansu suna nan da amfaninsu ga duk wanda tashi ya kama: Wa na sani a can, kuma yana bukatata ko nauyi zan zame masa? Da me zan ci? Zan kwana lafiya? In hali ya yi, zan iya komowa?

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara, mu yi amfani da hutu mu zauna da tsofaffinmu, mu rubuta sunayen garuruwan da suka tashi, na da da na yanzu, da inda mutanensu suka nufa, da dalilin da ya sa suka zaɓi can. Ƙauyukan da suka watse a zamanin Siddiku da Ɗan Mari, da yawansu ko sunansu ba mu sani ba, domin babu wanda ya rubuta. Ni kaina na yi sakaci, tambayoyi da yawa ban yi wa Kaka ba sai da ƙasa ta rufe ta. Kada mu bari na zamaninmu su bi sahu.

Inda na yi kuskure, ina roƙon malamaina da waɗanda suka fi ni sani su gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Amin.